Takardar Ƙosai da Takardar Kasafi: Abin da Ya Kamata Ku Sani Kan Dokokin Bayanai

Wata safiya a Gumel na aiki yaro ya sayo mini ƙosai. Da na cinye, na dunƙule takardar zan jefar, sai idona ya faɗa kan hoton wata mata. Na warware ta, duk ta jiƙe da mai, ashe kwafin fom ne na neman wani tallafi. Ga sunan matar da na mahaifinta, ga unguwarsu, ga lambar waya, ga lambar asusun banki, ga lambobin NIN goma sha ɗaya reras. Ban san ta ba, amma cikin minti guda na san abin da maƙwabciyarta ta shekara ashirin ba ta sani ba.

A makon nan ne kuma wani abokina, malamin firamare, ya shiga wani ofishi yana tambayar nawa aka ware wa gyaran ajujuwan makarantarsu, tunda an kafa allon kwangila, an zube yashi tifa biyu, daga nan shiru. Akawun ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, "Malam, wa ya aiko ka? Ai wannan sirrin gwamnati ne."

Mun sa rigar a baibai ke nan. Abin da doka ta ce a baje shi a faifai, mun kulle shi a durowa. Abin da ta ce a tsare shi kamar ƙwai a cokali, shi muke naɗe ƙosai da tsire da shi. Fannin da ake kira dokokin bayanai, wanda yanzu ake karantarwa a jami'o'i har ake samun abin yi da shi, bai wuce gyara wannan rigar ba. Tambayoyinsa uku ne: me kake da ikon sani daga hukuma, me wasu ke da ikon riƙewa game da kai, me kuma kake da ikon turawa ta waya ba tare da ka kwana a hannun 'yan sanda ba.

Tushen duka yana cikin kundin tsarin mulki na 1999. Sashe na 39 ya ba kowa 'yancin faɗin albarkacin bakinsa da karɓar labari da isar da shi. Sashe na 37 ya kare sirrin mutum da gidansa da wasiƙunsa da maganarsa ta tarho. Kuma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Duk wanda ya zauna gaban malami ya ji yadda Suratul Hujurati ta hana bin diddigin asirin mutane, ta kuma yi umarni a tantance labari kafin a ɗauka. Ya ji labarin mutumin da ya tsayar da Sayyidina Umar a bainar jama'a yana tambayar inda ya samu yadin da ya isa ɗinka rigarsa, Halifa kuma bai ce wa ya aiko ka ba, ya kawo bayani.

Ikon tambaya

Dokar 'Yancin Samun Bayanai, wadda aka fi sani da FOI, ta sha wuya kafin ta samu. Tun wajen 1993 ƙungiyar 'yan jarida ta ƙasa da wasu ƙungiyoyin kare haƙƙi suka fara tsara ta, aka kai ta majalisa a 1999, majalisa ta amince da ita a 2007, Shugaba Obasanjo ya sauka bai sa mata hannu ba. Sai ranar 28 ga Mayu, 2011, Goodluck Jonathan ya rattaba hannu. Ƙasar Sweden tana da irinta tun 1766, amma misalin da ya fi kama da halinmu na Indiya ne. Can, talakawan ƙauyukan jihar Rajasthan ne suka tada balli, 'yan ƙwadago da ake cuta wajen biyan kuɗin aikin gwamnati. Suka dage sai an karanta musu rajistar biyan kuɗi a dandali, da aka karanta sai ga sunayen matattu suna karɓar lada. Daga wannan fafutuka dokarsu ta 2005 ta fito.

Abu na farko da tamu dokar ta yi shi ne ta kashe tambayar nan ta akawu. Ba sai ka faɗi dalilin da ya sa kake son bayani ba. Ba sai kana ɗan jarida ba, ba sai kana kansila ko mai unguwa ba. Mai faci a tashar Gumel da farfesa a Dutse matsayinsu ɗaya. Ka rubuta takarda ka miƙa, hukuma tana da kwana 7 ta ba ka abin da ka nema, ko ta rubuto maka dalilin hanawa tare da sashen dokar da ta dogara da shi. Idan takardun suna da yawa, za ta iya ƙara wasu kwanakin da ba su wuce 7 ba, amma sai ta sanar da kai. Idan ba a hannunta bayanin yake ba, ita za ta tura buƙatarka inda ya dace. Idan ta yi gum, doka ta ɗauki shirun a matsayin ƙi, kana da kwana 30 ka je Babbar Kotun Jiha ko Babbar Kotun Tarayya, kuma a gaban alƙali hukumar ce za ta kare kanta, ba kai za ka kawo hujjar cancanta ba. Wanda aka samu da laifin hanawa ba bisa ƙa'ida ba, tarar naira 500,000 ce. Wanda ya lalata takarda ko ya sauya abin da ke cikinta da gangan, ɗaurin da bai gaza shekara guda ba. Kuɗin da za a caje ka kuwa bai wuce na kwafi ba.

Akwai wani tanadi da ban taɓa jin an yi shelarsa a rediyo ba, alhali kamar don mutanen karkararmu aka yi shi. Wanda bai iya rubutu ba, ko mai wata nakasa, zai iya sa wani ya nema masa. Haka kuma mutum zai iya zuwa ya faɗa da baki, jami'in da aka ɗora wa aikin ya rubuta, ya ba shi kwafi. Wato dattijo daga Sule Tankarkar da bai taɓa zama a aji ba yana iya shiga sakatariya ya ce, "Yallaɓai, ina son in san nawa aka kashe a rijiyar burtsatsen garinmu, kuma wa aka bai wa aikin," doka ta ce a ɗauki biro.

Shekaru da dama jihohi suna fakewa da cewa wannan dokar Abuja ce, ba ta hau kansu ba sai majalisar jiha ta yi tata. Har Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke Benin ta goyi bayan wannan fahimta a 2018, a wata shari'a da wasu 'yan ƙasa suka shigar kan hukumar yaƙi da cutar ƙanjamau ta jihar Edo, suna neman bayanin kuɗaɗen da ta samu da yadda ta kashe. Ranar 11 ga Afrilu, 2025, Kotun Ƙoli ta rushe wancan hukunci, ta ce dokar ta hau kan kowane mataki na gwamnati. A wurin mutumin Gumel, wannan hukunci ya fi sa hannun 2011 kusa da rayuwarsa, domin harkarsa da gwamnati kusan duka a jiha da ƙaramar hukuma take: asibiti, makaranta, taki, fili, harajin kasuwa. A haɗa da hukuncin da kotun ta yanke ranar 11 ga Yuli, 2024, cewa a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, duk da aiwatarwar na tafiyar hawainiya. Abin da aka ware wa kowacce daga ƙananan hukumomi 27 na Jigawa daga asusun tarayya ana wallafa shi wata-wata. Abin da ya shigo sananne ne. Inda ya bi ya fita, nan ne takardar tambaya ke da aiki.

Ku tuna taƙaddamar filin rake da ta yi zafi a zamanin Gwamna Muhammad Badaru Abubakar, lokacin da aka ware wa kamfanin Lee hekta 12,000 a yankin Gagarawa da kewayenta. Gwamnati na cewa masana'antar sukari ce da aikin yi, manoma da yawa na cewa gonakin gado ne. Ba zan yanke hukunci a nan ba. Amma duk wanda ya saurari muhawarar ya san rabinta a kan takardu take: me yarjejeniyar ta ƙunsa, ina iyakar filin a taswira, da wane ma'auni aka lissafa diyya, shekara nawa aka bayar. Waɗannan duk abubuwa ne da ake iya nema a rubuce. Dokar ma ta faɗaɗa ma'anar hukuma har ta haɗa da kamfani mai zaman kansa idan yana amfani da kuɗin jama'a ko yana gudanar da aikin jama'a.

Ba kome ake bayarwa ba, gaskiya. An keɓe abin da zai cutar da tsaron ƙasa ko hulɗa da ƙasashen waje, da binciken da jami'an tsaro ke cikin yi, da sirrin kasuwancin wani, da abin da ke tsakanin likita da majiyyaci ko lauya da wanda yake karewa, da majiyar ɗan jarida. Sai dai a yawancin waɗannan, dokar ta ce idan amfanin da jama'a za su samu ya rinjayi cutarwar, a bayar. Kuma buga wa fayil hatimin sirri kaɗai bai isa hujjar hanawa ba.

A aikace fa? Ba zan yaudare ku ba. Ofisoshi da yawa ba sa amsawa, zuwa kotu kuma sai da lauya da kuɗin mota. Ga kuma abin da ba a rubuta a doka ba: a gari irin namu kowa ya san kowa, ciyaman surukin wanka ne, akawu abokin karatun ƙaninka ne, wanda ya yi tambaya kafin la'asar an ce ya koma adawa. Don haka na fi ganin hikimar a nema da sunan ƙungiya, ta ci gaban gari ko ta iyayen yara ko ta manoma, nauyin ya rabu. A kuma taƙaita buƙata. Wanda ya rubuta "ku ba mu bayanin duk kuɗin da kuka kashe" ya ba su ƙofar zillewa. Wanda ya rubuta sunan aikin, da garin, da shekarar, ya ce yana son kwafin takardar ba da kwangila da takardun biyan kuɗi, ya toshe ta. A yi kwafi biyu, a sa mai karɓa ya buga hatimi da kwanan wata a kan naka. Ranar da aka je gaban alƙali, wannan hatimin ne shaidarka.

Sirrinka a hannun wasu

A ce manoman Gagarawa sun nemi jerin waɗanda aka biya diyya, suna da suna, da abin da kowa ya karɓa, da lambar asusunsa. A nan dokar FOI ke cin karo da ta kare bayanai. Jimillar kuɗi da ma'aunin lissafi na jama'a ne. Lambar asusun Malam wane tasa ce.

Hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta NITDA ce ta fara fitar da ƙa'idojin kare bayanai a 2019, shekarar da ɗan Haɗeja, Kashifu Inuwa Abdullahi, ya zama shugabanta. Cikakkiyar doka ta zo ranar 12 ga Yuni, 2023, da sa hannun Shugaba Tinubu, ta kafa Hukumar Kare Bayanai ta Ƙasa, NDPC, ƙarƙashin Dakta Vincent Olatunji. Ta ɗauko abubuwa da yawa daga dokar Tarayyar Turai da ta fara aiki a 2018, amma ma'anarta Bahaushe ya riga ya san ta da kalma ɗaya: amana. Wanda ya karɓi bayananka, banki ne ko asibiti ko makaranta ko kamfanin waya ko ofishin gwamnati, ajiya ka ba shi. Dole ya kasance da hujjar karɓa, ko dai yardarka, ko don cika wata yarjejeniya, ko don doka ta wajabta. Dole ya faɗa maka abin da zai yi da su, kada ya karɓi fiye da buƙata, kada ya juya su zuwa wata manufa, kada ya riƙe su bayan aikin ya ƙare. Shirunka ba yarda ba ce. Kana da ikon tambayar abin da aka rubuta game da kai, ka sa a gyara kuskure, ka nemi a goge, ka janye yardar da ka bayar. Bayanan lafiya da addini da ƙabila da ra'ayin siyasa da zanen yatsa suna da tsaro na musamman, na yara kuma sai da izinin iyaye ko mai riƙo. Idan bayanai suka zube ta hanyar da za ta iya cutar da masu su, wanda ke riƙe da su yana da awa 72 ya sanar da hukuma. Tarar manyan masu riƙon bayanai tana kaiwa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa, ƙanana kuma miliyan 2 ko kashi 2 ɗin. Wanda aka cuta zai iya kai kuka ga hukumar, zai iya neman diyya a kotu.

An fara cizo. Tun a 2021 NITDA ta ci kamfanin bashi na Soko tarar naira miliyan 10, saboda halin nan na manhajojin ba da rance da ke kwashe lambobin wayarka, ranar da ka makara su aika wa surukanka da limamin unguwa cewa kai macuci ne. A 2024 hukumar kare masu sayayya ta FCCPC ta ɗora wa Meta, mai Facebook da WhatsApp, tarar dala miliyan 220. A shekarar ne kuma ƙungiyar Paradigm Initiative ta nuna cewa akwai shafukan da ke sayar da bayanan NIN na mutane a kan naira 100, har ta sayo na ministan sadarwa don kafa hujja, ko da yake hukumar NIMC mai ba da NIN ta ce ba a fasa rumbunta ba.

To amma ɓarnar da ta fi damuna ba a Legas take ba. Ku je kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ku tsaya kusa da rumfar mai POS a bakin kara. An gama cinikin bijimi, dillali na jiran la'adarsa, ga hayaniya ga ƙura. Alhaji ya zaro kati daga aljihun 'yar ciki ya miƙa, yaron ya ce, "Baba, sa lambarka." Alhaji ya ce, "Kai dai danna mini, ɗana," ya faɗi lambobi huɗun da ƙarfi yadda na bayan layi ma ya ji. Wasu ma a jikin katin suke rubuta ta, wasu su bar wa yaron katin har mako ya zagayo. Yarda ce, kuma da yarda kasuwar ke tafiya tun kafin a san banki. Amma lambar nan ba ta san fuska ba, duk wanda ya danna ta shi ne Alhaji.

Haka batun layin waya. Tun da aka ba da umarnin haɗa layi da NIN a Disambar 2020, zamanin Minista Isa Ali Pantami, kowane layi yana rataye a wuyan wani. Wanda ya yi wa abokinsa rajista da NIN ɗinsa, ko ya sayi layi mai rajista a gefen titi, ko ya miƙa lambarsa da hotonsa ga wasu samari don 'yan kuɗi kaɗan, ya sani cewa in aka yi damfara ko aka nemi kuɗin fansa da layin, ƙofarsa za a fara ƙwanƙwasawa. Makiyayi ko falke da ya tsallaka Nijar ya daɗe bai yi amfani da layinsa ba, kamfani na iya sayar wa wani, saƙon banki ya riƙa sauka a hannun baƙo. In layi ya ɓata ko ya mutu, a je banki a sauya lamba, kada a ce sai an samu sarari. Mai son sanin NIN ɗinsa ya danna *346#, mai son BVN *565*0#. Wanda saƙonnin talla suka dama ya aika STOP zuwa 2442, mai ƙorafi a kan kamfanin waya ya kira hukumar NCC a 622 kyauta. Kuma babu bankin da zai kira ka ya nemi lambar sirri ko lambar da aka turo maka yanzun nan. Duk mai wannan kira ɓarawo ne, ko da ya faɗi sunan kakarka.

Sai mu kanmu. Sakataren ƙungiya ya ɗauki hoton jerin masu cin gajiyar tallafi, da lambobin waya da na asusu, ya watsa a zauren WhatsApp mai mutum ɗari biyu. Mai neman taimako ga mara lafiya ya ɗora hotonta tana kwance ba mayafi, da takardar gwajinta. Niyya mai kyau ce, amma an tambaye ta? Ma'aikacin asibiti ya ga sakamakon gwajin wata amarya, kafin magariba zance ya kai majalisar mai shayi. Gabanin zaɓe a bi gida-gida ana karɓar lambobin katin zaɓe da na asusu da sunan za a kawo tallafi, ba wanda ya ce ina za a kai su. Dokar ba ta shiga harkar da mutum ke yi don kansa ko gidansa ba, matuƙar bai keta sirrin wani ba, amma ƙungiya da makaranta da asibiti da jam'iyya duk suna ciki.

Abin da yatsa ya tura

A Nuwambar 2022 jami'an tsaro suka kama wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse saboda wani gajeren rubutu da ya yi a Twitter kan uwargidan shugaban ƙasa ta lokacin, aka kai shi Abuja, aka gurfanar da shi, aka tsare. Sai da ƙasa ta ɗauki zafi aka janye ƙarar a farkon Disamba. Wannan ya faru ne a lokacin da kame kan rubutun intanet ya zama ruwan dare, mafi yawa a ƙarƙashin sashe na 24 na Dokar Laifukan Intanet ta 2015, wanda a tsohon lafazinsa saƙon da ya ɓata wa wani rai ko ya zama cin fuska ma yana iya zama laifi. Kotun ECOWAS ta ce sashen ya saɓa wa 'yancin magana, a 2020 da kuma 2022. A Fabrairun 2024 aka gyara shi, aka taƙaita shi ga saƙon batsa, da saƙon da mutum ya san ƙarya ne ya tura don tada hargitsi ko jefa rai cikin haɗari. Hukuncin ya kai tarar naira miliyan 7 ko ɗaurin shekara 3 ko duka biyun. Barazana da tsoratarwa ta waya suna nan a matsayin laifi.

Kada gyaran ya ruɗi kowa. Har yanzu ana kama mutane da sunan sashen, kuma ɓata suna laifi ne mai zaman kansa a dokar Penal Code da kotunan Arewa ke aiki da ita, ga kuma ƙazafi a kotunan shari'ar Musulunci. Dokar Shaida ta 2011 ta karɓi abin da ya fito daga waya da kwamfuta a matsayin hujja, kamfanonin sadarwa kuma doka ta sa su ajiye bayanan kira da na masu layi har shekara 2. Goge saƙo bayan wani ya ɗauki hotonsa ihu ne bayan hari. Wanda ya tura muryar da aka ce "a yaɗa saboda Allah", cewa an ga wasu baƙi da makamai a wani ƙauye ko wane ɓarawon yara ne, ba zai tsira da cewa shi ma turo masa aka yi ba idan ya san ƙarya ce. Sukar aikin gwamnati kuwa halas ce, kuma mai suka da takardar FOI a hannu ya fi mai suka da "an ce" kwanciyar hankali.

Ita ma gwamnati tana da iyaka. Ta rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, Kotun ECOWAS ta ce rufewar ta saɓa doka. A Satumbar 2021 aka katse layukan waya a Zamfara da sassan Katsina da Sakkwato saboda 'yan bindiga, mutane suka koma aika wasiƙa ta hannun direbobi. Mutumin Maigatari kuma ya riƙa tunawa cewa taku kaɗan ne tsakaninsa da wata dokar daban. Nijar tana da hukumar kare bayananta, HAPDP, tana da dokar laifukan intanet ta 2019, kuma a 2024 gwamnatin soja ta maido da hukuncin ɗauri kan ɓata suna da zagi ta intanet. Abin da ka rubuta a wannan gefen yana iya jiranka a Dungas ko Magarya.

Ga mai son karanta fannin

Ɗalibin da abin ya ba shi sha'awa yana da hanya fiye da ɗaya. Akwai ta lauya: digirin shari'a a jami'a irin Bayero ko Ahmadu Bello, sannan Makarantar Lauyoyi, wadda ke da reshe a Bagauda. Akwai ta aikin jarida, da ta kimiyyar laburare da adana bayanai, da ta kwamfuta. Dokar 2023 ta wajabta wa manyan masu riƙon bayanai su naɗa jami'in kare bayanai, ba ta kuma ce sai lauya ba, ta ce mai ƙwarewa a dokar da aikinta. Bankuna da asibitoci da manyan makarantu da ma'aikatu duk suna buƙatar irinsa. Ƙungiyoyi irin CITAD ta Kano sun daɗe suna horar da matasa kan haƙƙoƙin intanet. Amma kafin duk wannan, ɗalibin Kwalejin Ilimi ta Gumel zai iya sauke dokar FOI a wayarsa yau. Sashe 32 ce kacal, ana karance ta tsakanin azahar da la'asar. Ya karanta, ya zaɓi aiki ɗaya a mazaɓarsu, ya rubuta takarda, ya ƙirga kwana bakwai. Abin da zai koya a bakin tagar akawu babu shi a littafi.

Ita kuwa takardar ƙosan, na daɗe ina juya ta. Daga baya na kira lambar da ke jiki, don in faɗa wa matar ta je banki ta sa ido a kan asusunta. Wani saurayi ya ɗauka, ya ce ɗanta ne. Na yi sallama, na ce fom ɗin Hajiya ne ya faɗo hannuna. Ban kai ga bayani ba ya katse ni, muryarsa har tana rawa: "Ranka ya daɗe, sunayen sun fito ne?"